Tantance haɗari a wurin gini da gyara: amsa ga wani ɗan kwangila a Gombe

Tambaya: Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Gombe. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aiki biyu a harabarta. Na farko shi ne gyaran tsohon ginin ajujuwa, wato sauya kwano da silin, sabon wayarin, da haƙa sabon ramin sokawe. Na biyu shi ne gina sabon bene mai hawa ɗaya. Duk wannan za a yi shi ne ɗalibai na ci gaba da karatu. Hukumar makarantar ta ce sai na kawo takardar tantance haɗari kafin in fara. Na riga na sayo wa ma'aikatana hular kwano da takalma da riguna masu ƙyalli. Yaya ake shirya wannan takarda, kuma abin da na saya ya wadatar?

Amsa: Malam, zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai gajeriyar amsa. Abin da ka saya yana da amfani, amma bai wadatar ba, kuma shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafinka. Hular kwano tana tare guduma ko guntun bulo da ya faɗo daga sama, takalmi yana tare ƙusa, riga mai ƙyalli kuma tana sa direban tifa ya hango mutum. Abubuwan da suke kashe ma'aikaci a irin aikin da ka bayyana kuwa guda huɗu ne: faɗowa daga sama, ruftawar rami ko dakin (rufin kankare), wutar lantarki, da gurɓatacciyar iska a cikin rami. A cikin huɗun nan babu wanda hula ko riga take hanawa, kuma kowannensu ana magance shi ne tun kafin ma'aikaci ya iso wurin, a lokacin da kake tsara aikin da yanka masa kuɗi.

Takardar da ake nema a wurinka rubutaccen sakamakon zagaye ce, saboda haka da zagayen ake farawa. Ka ɗauki foman ɗinka da babban birkila da kafinta da mai wayarin, ka nemi maigadin makarantar ya bi ku, domin shi ne ya san inda tsohuwar rijiya take, da inda aka binne bututun ruwa ko waya, da katangar da yara suke tsallakewa. Ku rarraba aikin daki-daki yadda za a yi shi: sauke tsohon kwano, cire silin, haƙa harsashi, ɗaurin rodi, zuba dakin, da sauransu. A kan kowane ɗaya ku tsaya ku tambayi kanku abin da zai iya cutar da mutum, da wanda zai cutu, da abin da za a yi a hana, da wanda aka ɗora wa alhakin yin hakan, da ranar da zai kammala. Wurin ƙidayar waɗanda za su iya cutuwa kada ku tsaya kan ma'aikata kawai, ku sa ɗalibai da malamai da masu tallan abinci da maƙwabtan da gidansu ya jingina da katanga. Ina gargaɗinka da kwafo shiryayyiyar takarda daga intanet. Irin waɗannan takardu sukan yi dogon bayani kan injunan da ba ka da su, alhali babu kalma ɗaya a cikinsu kan katakon rufin da gara ta cinye.

Bayan an jero haɗurran sai a auna su, domin a san wanda za a fara da shi. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce a ba kowane haɗari maki biyu, kowanne daga 1 zuwa 5: makin yiwuwar faruwarsa, da makin munin abin da zai biyo baya, sannan a ninka su. Taka ƙusa abu ne mai yawan faruwa, sai ya sami 4, muninsa kuma 2 ne, jimla 8. Kafinta ya burma ta tsohon rufi yana iya samun 4 a yiwuwa da 5 a muni, jimla 20, ka ga shi ne a gaba. Sai dai lissafin yana da yaudara idan aka bi shi ido rufe, domin mai son ya tsallake ɗawainiya yakan rage makin yiwuwa ya ce ai ba a taɓa yi ba. Ra'ayina shi ne duk abin da muninsa ya kai mutuwa ko naƙasa ta dindindin, a yi masa tanadi ko da kuwa ana ganin da wuya ya faru.

Tanadin ma yana da jeri, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Mafi ƙarfi shi ne a kawar da haɗarin gaba ɗaya, misali a harhaɗa katakon rufi a ƙasa sannan a ɗaga shi, maimakon a yi ta auno da yanka a sama. Idan hakan bai yiwu ba sai a musanya hanya mai haɗari da mai sauƙinsa. Bayan haka sai shinge da tokare da murfi, wato abubuwan da suke raba mutum da haɗarin ko da ya yi mantuwa. Sannan ƙa'idojin aiki da horarwa da sa ido. Kayan da mutum yake sawa a jikinsa su ne na ƙarshe, saboda amfaninsu ya rataya ne a kan ma'aikacin ya tuna ya sa, ya sa daidai, kuma kada ya cire idan rana ta take.

Tsohon rufin nan shi ne wurin da na fi jiye maka tsoro. Kwanon da ya yi shekaru yana tsatsa ba ya ɗaukar nauyin mutum, katakon da ke ƙarƙashinsa kuma gara tana iya cinye cikinsa ta bar bayansa sumul, silin kuwa ko ƙaramin yaro ba ya ɗauka. Kafin kowa ya hau, a buɗe silin ta ƙasa a wurare da dama, a haska tocila, a soki katakon da ƙusa ko sukundireba a ji ƙwarinsa. Masu aiki a sama su riƙa takawa a kan faffaɗan katako da aka shimfiɗa ya ratsa sanduna da yawa, kada su taka kwano kai tsaye. Ajin da ake aiki a samansa a fitar da kowa daga ciki a kulle shi, har da na kusa da shi. Mutane suna raina tsawon gini marar bene, amma wanda ya faɗo daga mita 3 yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa, wanda ya faɗo daga mita 6 kuma gudunsa ya kusa kilomita 40. Idan kan mutum ne ya fara taɓa siminti, ko akwai tsinin rodi a ƙasa, ko mita 2 ma sun isa su kashe mutum.

Tsani na hawa da sauka ne da ƙaramin aikin da bai wuce 'yan mintoci ba. A kafa shi yadda duk mita 4 na tsayi gindinsa zai nisanci bango da mita 1, kansa ya zarce inda ake sauka da kimanin mita 1 domin a sami abin riƙewa, a ɗaure shi a sama, kuma kada a ɗora gindinsa a kan bulo ko ganga. Aikin da zai ɗauki lokaci, kamar filasta da fenti da ɗora bulo a sama, yana buƙatar dandamali na sosai. Abin da aka saba gani a wuraren aikinmu shi ne katako ɗaya ko biyu a kan gorar da aka ɗaure da waya, babu abin dafawa a baya, birkila na tsaye a kai tare da bulo goma da kwanon kwaɓi. Dandamalin kirki ƙafafunsa suna zaune a kan katako mai faɗi domin kada su nutse, an ɗaure shi da jikin ginin, an cike shimfiɗarsa babu giɓi, yana da sandar kariya a tsayin kimanin mita 1 da wata a tsakiya, da katako a gefen ƙafa mai tare kayan aiki. Irin wannan shingen ake yi wa gefen dakin da ramin matakala tun ranar da aka fara hawa sama. A duba dandamalin kowane mako da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi.

Wasu za su ba ka shawarar ka sayi ɗamarar kariya, irin wadda ake ɗaure mutum da igiya. Tana da wurinta, amma ka san sharuɗɗanta. Irin wadda igiyarta take da mita 2 da abin rage fizga tana buƙatar sararin da ya kai kusan mita 6 a ƙarƙashin inda aka maƙala ta kafin ta tsayar da mutum, saboda haka a rufin aji marar bene mutum zai bugi ƙasa igiyar ba ta gama miƙewa ba. A irin wannan tsayi gajeriyar igiya ake so, wadda za ta hana mutum kaiwa bakin rufin tun farko. Kuma ɗamarar da aka maƙala a jikin ruɓaɓɓen katako ado ce kawai.

Sai ranar zuba dakin, wadda ita ce ranar da mutane suka fi yawa a wurin aikinka, kuma kowa na sauri. Ɗanyen kankare mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana da nauyin kimanin kilo 2,400. Dakin mai kaurin santimita 15 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ma'ana dakin mai mita 10 a tsawo da 10 a faɗi ya kai tan 36, ban da nauyin leburori da baro da kankaren da ake tarawa wuri guda kafin a baje. Duk wannan nauyi yana kan katako da gorar da kafinta ya tokara ne, domin kankaren bai fara ɗaukar kansa ba. Tokare yana gazawa ne idan an yi masa tazara mai yawa, ko an haɗa guntaye biyu da ƙusa domin ya kai tsayi, ko an tsayar da shi a kan bulo ko cikon ƙasar da ba a daddaɓe ba, ko ba a ɗaure su da juna a gicciye ba. Ruwan da ke tsiyaya daga kankaren ma yana jiƙa ƙasar da tokaren ke kai, ta yi laushi ana tsakiyar aiki. Saboda haka injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON ya duba tokaren da rodin ya sa hannu kafin a kunna injin kwaɓi, kuma a hana kowa shiga ƙarƙashi yayin zubi, in ban da kafinta ɗaya mai lura daga gefe wanda yake da ikon ya tsayar da aikin.

Cire tokare da wuri domin a kai katakon wani aiki ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, kuma tana da haɗari. Ana auna cikakken ƙarfin kankare ne a kwana 28, kuma bisa ƙa'idar da aka sani a nan ba a cire tokaren dakin kafin mako uku. Injiniya ne zai yanke ranar bisa faɗin dakin da yadda aka shayar da shi ruwa, musamman da hunturu lokacin da busasshiyar iska take shanye ruwan tun kankaren bai nuna ba. Kada kuma a jibge bulo a tsakiyar sabon dakin. Ingancin ginin da kansa ba a raba shi da wannan magana, tunda yara ne za su zauna a ciki. Ginin makarantar da ya rufta a Jos a watan Yulin 2024 ya yi sanadin mutuwar mutum 22, kuma duk mai aikin makaranta a wannan yanki ya kamata abin ya zauna masa a rai. Ka tabbatar zanen ginin ya sami amincewar hukumar tsara birane ta jiha, kuma idan a tsohon ginin aka ce ka fasa wani bango domin a faɗaɗa aji, kada guduma ta taɓa shi sai injiniya ya tabbatar ba shi ke ɗauke da rufin ba.

Game da ramin sokawe da harsashi, ka tuna irin ƙasar da muke kai. Yawancin ƙasar garin Gombe mai yashi ce marar riƙo, kuma kwazazzaban da zaizaya ta yanka a cikin gari sun isa shaida. A wasu sassan jihar kuma akwai baƙar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina. Duka biyun suna iya tsayawa kamar bango da safe su zube da azahar ba tare da wata alama ba. Ƙasa mai mita ɗaya a kowane ɓangare tana kai tan ɗaya da rabi ko fiye, kuma ba sai ta rufe kan mutum take kashe shi ba, domin idan ta danne ƙirji numfashi ba ya yiwuwa. Ramin da ya wuce zurfin mita 1.2 a karkatar da gefensa ko a tokare shi da katako, a janye ƙasar da aka haƙo aƙalla mita 1 daga bakinsa, a sa tsani a ciki, a hana tifa matsowa kusa, a sake duba shi bayan kowane ruwan sama. Kada a haƙa dab da gindin tsohon gini ko katanga ba da shawarar injiniya ba. Idan za a tashi aiki a rufe ramin da abu mai ƙarfi ko a kewaye shi, domin ramin da ya tara ruwa a harabar makaranta tarko ne ga ƙananan yara.

Tsohon ramin masai, da rijiya, da tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, haɗarinsu daban ne kuma ba a ganinsa da ido. Iskar da muke shaƙa tana da iskar oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma idan ta yi ƙasa da 19.5 wurin bai dace da shiga ba. Ƙazantar da ke ruɓewa tana cinye oksijin, tana kuma fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ta fi iskar waje nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasan rami. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi, sannan ya yanke jiki ya faɗi. Dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu ba abin dogaro ba ce, domin wuta tana ci a iskar da ta riga ta yi wa mutum kaɗan, ba ta nuna guba, kuma tana iya tayar da gobara idan akwai iskar gas mai kamawa. Injin jan ruwa ko janareto mai fetur da aka ajiye a cikin rami ko a bakinsa yana cika shi da hayaƙi mai gubar da ba ta da launi ko wari. Mafi kyau shi ne a yi aikin daga waje, a kira motar kwasar masai. Idan shiga ta zama dole, a auna iskar da na'ura, a hura sabuwar iska a ciki, mai shiga ya kasance ɗaure da igiya, mutum biyu na tsaye a sama. Ka nanata wa mutanenka cewa idan wani ya faɗi a ciki babu mai bin sa, a jawo shi da igiya. Sau da yawa a irin wannan haɗari gawa biyu ko uku ake fitarwa, kuma na bayan duk masu ceto ne.

Wutar lantarki a aikin gyara tana da wata matsala ta musamman a ƙasarmu, wato gini ɗaya yana iya samun wuta ta hanya uku ko huɗu: ta kamfanin rarraba wuta na JED, da janareto, da inbata mai batir, da sola. Mai wayarin yakan ga an ɗauke wuta ya kama aiki, sai a dawo da ita, ko wani a ofis ya tayar da janareto. A kashe kowace hanya daga tushenta, a sa kwaɗo a akwatin makunnin, makullin ya zauna a aljihun mai aikin, sannan ya gwada wayar da na'urar gwaji kafin ya taɓa. Faifan sola yana ba da wuta muddin rana na dukansa ko da an kashe komai a ƙasa, saboda haka masu sauke kwano su san da wannan. Wayar wucin gadi da ake ja wa injin walda da injin yanka kada ta kasance mai ɗauri da leda ko kwance cikin ruwa. A sa mata na'urar da masu wayarin ke kira ELCB, mai katsewa a miliamfiya 30. Fis da makunni na yau da kullum suna kare waya ne daga ƙonewa, kuma wutar da ta isa ta tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai sa su katse ba.

Ka ɗaga kai kuma ka duba sama. Tsawon sandar rodi mita 12 ne, kuma mai ɗaurin rodi da ke juya ta a kan dakin yana iya kai ta ga babbar waya mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 da ke bin titi. Wuta mai irin wannan ƙarfi tana tsallakowa ko ba a taɓa wayar ba. A bar tazarar aƙalla mita 3 tsakaninta da mutum ko rodi ko tsanin ƙarfe ko bayan tifa idan ta ɗaga, idan kuma aikin ba zai yiwu da wannan tazara ba, a nemi kamfanin ya kashe layin a rubuce. Manyan layukan kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, kuwa suna da filin da aka hana gini a ciki, faɗin mita 30 ga layin bolt 132,000 da mita 50 ga na 330,000.

Akwai cutarwar da ba ta nunawa a ranar. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali, kuma lebura mai tsayawa cikin kwaɓi da silifa ba ya jin zafin sai ya koma gida, don haka a ba su dogon takalmin roba da safar hannu. Ƙurar yankan bulo da tayil da dutse tana taruwa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, maganinta kuma a yi yankan da ruwa, a ƙara da takunkumi na gaske, domin ƙyalle ba ya tare ta. Tsofaffin gine-gine da yawa silin ɗinsu ko rufinsu na asbesto ne, wanda ƙurarsa take jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekara ashirin ko fiye. Idan ka same shi, a jiƙa shi, a cire shi ɗai-ɗai ba tare da fasawa ko yankawa ba, a naɗe shi a leda, kuma kada a bar kowa ya kwashe shi ya kai gida.

Kasancewar ɗalibai a harabar ya sauya lissafin gaba ɗaya, domin yaro ba ya karanta allon gargaɗi kuma tarin yashi wurin wasa ne a wurinsa. Zaren ja da fari ba shinge ba ne. A kewaye wurin aikin da kwano mai tsayin kimanin mita 2, a yi masa ƙofa ɗaya mai kwaɗo. Tifa da motar siminti su shigo ne kafin zuwan yara ko bayan tashinsu, kuma kada mota ta yi baya sai da mai yi mata jagora. Sauke rufi da zuba dakin kuwa, ka roƙi hukumar makarantar a kai su ƙarshen mako ko hutu, ka rubuta wannan a cikin takardar su sa hannu.

Yanayi ma yana shiga takardar. A watannin Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40, kuma a kan kwano ko dakin ya fi haka. A fara aiki mai nauyi da sassafe, a sassauta da tsakar rana, a tanadi inuwa da ruwan sha mai yawa, kuma idan azumi ya faɗo a wannan lokaci a mayar da aikin sama zuwa safiya kawai. Wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice a sauko da shi nan take, a jiƙa jikinsa, a kai shi asibiti. Da farkon damina iska tana tasowa ba shiri, kuma fallen kwano a hannun mutum yana iya fizgar sa daga rufi, don haka da hadari ya haɗo kowa ya sauko. Bulo da katakon da suka daɗe a jibge kuma maɓoyar maciji ne da kunama. Kububuwa ba baƙuwa ba ce a jihar nan, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake Kaltungo. A ture kaya da sanda kafin a sa hannu.

Duk wannan tsari yana rushewa idan yadda kake biyan kuɗi yana tura mutane ga ganganci. Wanda aka ba jinga ribarsa tana cikin sauri, kuma awa ɗaya da zai ɓata wurin ɗaure dandamali asara ce a wurinsa. Saboda haka ka ware kuɗin dandamali da shinge da tokaren rami daban, ka sa su a ƙiyasin da ka miƙa wa makarantar a matsayin aiki mai kansa, kada su fito daga aljihun mai jinga. Ka sa ido kuma kan ƙwayoyi irin su tiramadol da wasu leburori ke sha domin su jure wahala, domin mai maye ba shi da wuri a kan dandamali. Yara masu neman na abinci kada a ba su ɗaukar kwaɓi, Dokar Ƙwadago ma ta hana sa wanda bai kai shekara 15 ba irin wannan aiki. Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amsar da nake bayarwa ita ce hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin da ya yi jayayya da wannan ba. Kowace safiya foman ya tara mutane na minti biyar zuwa goma, da Hausa, kan aikin ranar kaɗai. Ka sanar da su da bakinka cewa wanda ya tsayar da aiki saboda ya ga haɗari ba zai rasa kuɗin yininsa ba, kuma duk abin da ya kusa zama haɗari, kamar bulon da ya faɗo bai sami kowa ba, a faɗe shi a gyara sababinsa ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Ta fuskar doka, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi rajista da NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo. Idan wani ya ji rauni ana kai rahoto cikin kwana 7, idan rasuwa ce kuma nan take. Ƙananan 'yan kwangila da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin takardar neman aikin gwamnati kawai, alhali ita ce za ta tsaya maka ranar da kuɗin asibiti da diyya suka fi ƙarfin ribar aikin gaba ɗaya.

Shafin ƙarshe na takardarka ya zama na abin da za a yi idan haɗarin ya auku. A rubuta sunan wanda ya iya taimakon farko, da inda akwatin magani yake, da motar da za ta ɗauki majinyaci, da asibitin da za a nufa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, gwargwadon wanda ya fi kusa. Wanda ya faɗo daga sama kada a ɗaga shi zaune ko a cusa shi a Keke Napep, a kwantar da shi a kan faffaɗan katako, kai da wuya ba sa motsi. Wanda wuta ta kama a kashe wutar kafin a taɓa shi. Siminti a ido a wanke shi da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, asibiti ake nufa kai tsaye. Takardar gaba ɗaya ba sai ta wuce shafi huɗu ko biyar ba. Kai da foman da wakilin makarantar ku sa hannu, a manna kwafi a wurin aiki, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, kuma a sake duba ta duk lokacin da aiki ya shiga sabon mataki, ko sabuwar tawagar ma'aikata ta zo, ko damina ta sauka.